Haɗin Kan Ƙasashen Tafkin Chadi da Haƙƙin Ɗan Adam: Waiwaye Daga Maitatsine Zuwa Boko Haram

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta bi diddigin yadda ƙasashe huɗu da ke kewaye da Tafkin Chadi, watau Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, suka yi ta ƙoƙarin haɗa kai domin tunkarar ƙungiyoyin da ke ɗaukar makami da sunan addini, tun daga tarzomar Maitatsine ta 1980 har zuwa yaƙin Boko Haram. Haka kuma za ta duba irin matsayin da aka bai wa haƙƙin ɗan Adam a cikin wannan haɗin kai. Abin da ake nufi da haƙƙin ɗan Adam a nan bai wuce abubuwan da kowace tsayayyar shari'a ta sani ba: kada a kashe mutum ba tare da hukunci ba, kada a azabtar da shi, kada a tsare shi ba tare da an gaya masa laifinsa ba, kada kuma a kama shi da laifin wani.

Abin da takardar ke son nunawa shi ne, haɗin kan soja a wannan yanki ya riga haɗin kan shari'a nesa ba kusa ba. Kuma duk lokacin da hukuma ta tsallake shari'a saboda gaggawa, sai ta yi hasara biyu: ta ba masu tsattsauran ra'ayi hujjar jawo sababbin mabiya, ta kuma rage amincin da ke tsakaninta da ƙasashen da take neman taimakonsu.

2.0 Tafki Ɗaya, Ƙasashe Huɗu

Kafin Turawa su shata kan iyaka, ƙasashen da ke gefen tafkin suna cuɗanya da juna ta hanyar fatauci da kiwo da su da neman ilmi, akasarinsu a ƙarƙashin inuwar daular Borno. Barebari da Buduma da Shuwa da Fulani da Hausawa duk suna da dangi a kowane ɓangare. Shugabannin farko na bayan mulkin kai sun fahimci haka, shi ya sa a ranar 22 ga Mayu, 1964 suka sa hannu a yarjejeniyar kafa Hukumar Tafkin Chadi a Fort Lami, birnin da a yau ake kira Njamena. Amma fa aikin da aka ɗora wa hukumar na ruwa ne da noma da kiwon dabbobi. Ba a tanadar mata wata hanya ta musayar masu laifi ko ta kare mutumin da ya tsallaka iyaka ba.

Da fari ya tsananta a shekarun 1970 da 1980, tafkin ya janye ƙwarai, tsibirai suka ɓullo, masunta da manoma suka bi ruwa ba tare da kula da tutar kowa ba. Wannan ya jawo saɓani tsakanin gwamnatoci. A 1983 sojojin Nijeriya da na Chadi sun gwabza a kan wasu tsibirai, sannan rikicin Nijeriya da Kamaru a kan garin Darak da ƙauyukan da ke kusa da shi bai ƙare ba sai da Kotun Duniya ta yanke hukunci a watan Oktoba na 2002. Ke nan ƙasashen da daga baya za su buƙaci juna sun shafe shekaru suna kallon juna da zargi.

3.0 Maitatsine da Siyasar Korar Baƙi

Muhammadu Marwa, wanda aka fi sani da Maitatsine, mutumin Marwa ne ta arewacin Kamaru. An taɓa korarsa daga Kano a zamanin Sarki Muhammadu Sanusi, ya kuma dawo bayan wasu shekaru ya kafa sansani a unguwar 'Yan Awaki. A watan Disamba na 1980 faɗa ya ɓarke tsakanin mabiyansa da 'yan sanda, har sai da aka kawo soja. Hukumar bincike ta Mai Shari'a Aniagolu ta ƙiyasta cewa mutum 4,177 suka mutu. Shi kansa Marwa ya rasa ransa a cikin faɗan, amma mabiyansa sun sake tayar da hankali a Bulunkutu ta Maiduguri da Rigasa ta Kaduna a 1982, da Jimeta a 1984, da Gombe a 1985.

Manazarta irin su Paul Lubeck sun nuna cewa tushen fitinar yana cikin gida: gardawa da 'yan ci-rani waɗanda arzikin man fetur ya tsallake, tsadar rayuwa kuma ta matse su a birni. Sai dai da yake jagoran baƙo ne, ya fi sauƙi a ɗora laifin a kan baƙi baki ɗaya. A watan Janairu na 1983 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ba duk baƙin da ba su da takardu wa'adin mako biyu su fice. An ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 2 suka fita, wajen rabinsu mutanen Gana, sauran kuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru da wasu ƙasashe. Babban dalilin korar shi ne faɗuwar kuɗin man fetur da ƙaratowar zaɓe, amma batun Maitatsine na cikin hujjojin da aka riƙa ambata.

Abin lura a nan shi ne, a lokacin akwai dokokin ƙasa da ƙasa da suka shafi wannan al'amari. Ƙasashen ECOWAS sun amince da yarjejeniyar zirga-zirga a 1979. Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi, wadda aka zartar a Nairobi a 1981, ta haramta korar baƙi a jimlace a sashenta na 12, kuma Nijeriya ta amince da ita a cikin wannan shekara ta 1983 da aka yi korar. Korar ba ta hana tarzomar Jimeta da ta Gombe ba, domin ba daga waje cutar ta zo ba.

Akwai kuma wani abu da ya faru tun kafin tarzomar Kano wanda ya nuna haɗarin wannan hanya. A watan Janairu na 1980 aka ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno, aka tsallakar da shi zuwa Chadi bisa cewa shi ba ɗan Nijeriya ba ne, kuma wai yana barazana ga tsaron ƙasa. Babbar Kotun Maiduguri ta soke wannan umarni, ta tabbatar masa da 'yancinsa, ta kuma ba da umarnin a biya shi diyya. Wannan shari'a ta nuna cewa kalmar tsaro takan zama makamin siyasa, ta kuma nuna cewa kotu tana iya taka wa hukuma burki idan an bar ta ta yi aikinta.

4.0 Abin da Duniya ta Rubuta a Takarda

A 1999 Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka ta zartar da yarjejeniyar yaƙi da ta'addanci a babban birnin Aljeriya, inda aka shardanta cewa kada a fassara ta ta hanyar da za ta saɓa wa Yarjejeniyar Haƙƙin Ɗan Adam ta 1981. Bayan harin 11 ga Satumba, 2001 a Amurka, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1373, wanda ya wajabta wa ƙasashe su toshe kuɗin 'yan ta'adda, su kuma yi musayar bayanai. Wannan ƙuduri bai ba haƙƙin ɗan Adam wani muhimmanci ba, kuma gwamnatoci da dama sun fake da shi sun kafa dokoki masu faɗin ma'ana.

Gyara ya biyo baya a hankali. Ƙuduri na 1456 na 2003 ya ce dole matakan yaƙi da ta'addanci su dace da dokokin haƙƙin ɗan Adam da na 'yan gudun hijira da na yaƙi. A 2006 Babban Zauren Majalisar ya amince da tsarin yaƙi da ta'addanci mai ginshiƙai huɗu, na huɗunsu shi ne kare haƙƙin ɗan Adam da bin doka. A farkon 2016 Babban Sakatare Ban Ki-moon ya gabatar da shirin riga-kafin tsattsauran ra'ayi, wanda ya lissafa zalunci da rashin adalci cikin abubuwan da ke haifar da shi. Ashe ke nan ƙa'idoji ba su yi ƙaranci ba. Tambayar ita ce yadda aka yi aiki da su a bakin tafki.

5.0 Maiduguri, 2009

A ƙarshen watan Yuli na 2009 rikici ya tashi a Bauci da Maiduguri da Potiskum da Wudil tsakanin jami'an tsaro da mabiyan Muhammad Yusuf. Ɗaruruwan mutane suka mutu. Soja suka kama Yusuf da ransa, suka miƙa shi ga 'yan sanda, kuma a ranar 30 ga Yuli aka kashe shi a hannunsu ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Haka aka yi wa surukinsa Baba Fugu Muhammad, dattijon da ya kai kansa ofishin 'yan sanda. Daga baya kotu ta yanke wa iyalinsa diyyar Naira miliyan 100.

Ba wanda zai musa cewa ƙungiyar ce ta ɗauki makami, kuma ta kashe jami'ai da talakawa. Amma kisan da aka yi wa Yusuf ya jawo hasara iri biyu. Da farko, an rasa damar jin ta bakinsa a kotu game da masu ɗaure masa gindi da hanyoyin samun kuɗinsa. Na biyu, an ba Abubakar Shekau da sauran waɗanda suka tsere labarin da suka riƙa jawo matasa da shi. Da yawa daga cikinsu sun ɓuya a ƙasashen maƙwabta, suka dawo a 2010 da ƙarfin da ya fi na da. A watan Agusta na 2011 suka kai harin bam a ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Abuja.

6.0 Baga da Barikin Giwa

Rundunar haɗin gwiwa ta yankin tafkin ta samo asali ne a 1994, lokacin da gwamnatin Janar Sani Abacha ta girke soja a Baga domin maganin 'yan fashin kan iyaka. A 1998 Nijar da Chadi suka shigo, a 2012 kuma aka faɗaɗa aikinta ya haɗa da yaƙi da ta'addanci. A watan Afrilu na 2013, bayan an kashe wani soja, aka yi ɓarna mai yawa a garin Baga. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙirga gidaje 2,275 da suka ƙone ta hanyar hotunan tauraron ɗan Adam, ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ce an binne mutum 187, rundunar soja kuwa ta musanta waɗannan alƙaluma. A watan Maris na 2014, bayan Boko Haram ta fasa barikin Giwa a Maiduguri, Amnesty International ta ce an kashe fiye da mutum 640 daga cikin tsararrun da aka sake kamawa. Rahotonta na watan Yuni na 2015 ya ce fiye da mutum 7,000 sun mutu a tsare tun daga 2011, zargin da hukumomin soja suka ƙaryata.

Waɗannan rahotanni sun shafi haɗin kan ƙasa da ƙasa kai tsaye. Bayan sace 'yan mata 276 a Chibok a watan Afrilu na 2014, shugaban Faransa François Hollande ya kira taro a Paris a watan Mayu, inda shugabannin yankin suka yi alkawarin musayar bayanai da sintiri tare. Amma a wannan shekara Amurka ta hana a sayar wa Nijeriya jiragen yaƙi masu saukar ungulu daga Isra'ila, kuma dokarta da ake kira dokar Leahy ta hana ta horar da duk rundunar da ake zargi da manyan laifuffuka. Nijeriya ta fusata, ta dakatar da horon da Amurkawa ke bai wa wata bataliya. A daidai wannan lokaci Boko Haram ke kama garuruwa irin su Gwoza da Bama da Mubi, kuma a ranar 3 ga Janairu, 2015 ta ci sansanin rundunar haɗin gwiwa da ke Baga.

Adalci ya buƙaci a faɗi cewa su ma manyan ƙasashen ba su tsaya a kan magana ɗaya ba. Bayan jirgin sojan Nijeriya ya jefa bam bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a watan Janairu na 2017, an jinkirta cinikin jiragen Super Tucano 12, amma da gwamnati ta canza a Amurka sai aka amince, jiragen suka iso a 2021. Sharaɗin da ke sauyawa da sauyin gwamnati ba ya koya wa kowa darasi.

7.0 Sabuwar Runduna, Tsohuwar Matsala

A ƙarshen Janairu na 2015 Kwamitin Zaman Lafiya da Tsaro na Tarayyar Afirka ya amince da sabuwar rundunar haɗin gwiwa mai soja 7,500, wadda daga baya aka ƙara yawanta. Aka mayar da hedkwata Njamena, Jamhuriyar Benin ta shigo, aka kasa filin daga gida huɗu: Mora a Kamaru, Baga Sola a Chadi, Diffa a Nijar, da Baga a Nijeriya. Ta fuskar soja an samu nasara, domin a cikin 'yan watanni an ƙwato yawancin garuruwan da aka rasa. Sai dai kowace ƙasa ta riƙe ikon hukunta sojojinta da tsare waɗanda ta kama, kuma kowace ta bi tata hanya.

Kamaru ta kafa dokar ta'addanci a watan Disamba na 2014 mai ɗauke da hukuncin kisa, wadda ta ba kotun soja ikon yi wa farar hula shari'a. Da ita aka kama Ahmed Abba, wakilin sashen Hausa na Rediyon Faransa, a Marwa a 2015, aka yanke masa ɗaurin shekara 10, sai a watan Disamba na 2017 ya fito bayan ɗaukaka ƙara. Human Rights Watch ta ce a 2017 Kamaru ta riga ta mayar da 'yan gudun hijirar Nijeriya kimanin 100,000 da ƙarfi, ga shi kuwa a watan Maris na wannan shekara ƙasashen biyu da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun sa hannu cewa komawa gida sai da yardar mutum.

Chadi ta dawo da hukuncin kisa bayan hare-haren Njamena na 2015, ta harbe mutum 10 a watan Agusta, kwana ɗaya bayan yanke musu hukunci. A watan Afrilu na 2020 aka tarar da gawar tsararru 44 a wani kurkuku a Njamena. Nijar kuwa, bayan harin tsibirin Karamga a watan Afrilu na 2015, ta umarci mazauna tsibirai su tashi cikin 'yan kwanaki, dubban mutane suka taka a ƙasa cikin zafin bazara. Dokar ta-ɓaci a Diffa ta hana hawa babur da cinikin kifi da na tattasai, domin a toshe wa mayaƙa hanyar kuɗi. Amma waɗannan su ne abincin talakan yankin, kuma saurayin da aka raba da sana'arsa ya fi sauƙin ruɗuwa.

Binciken da Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta wallafa a 2017, bayan hira da ɗaruruwan tsofaffin mayaƙa a ƙasashen Afirka da suka haɗa da Nijeriya, ya gano cewa kashi 71 cikin 100 sun ce wani aikin hukuma ne, kamar kashe ko kama ɗan'uwa ko aboki, ya ingiza su suka shiga. Wannan adadi bai wanke wanda ya ɗauki makami ba, amma ya nuna inda riga-kafi ya kamata ya fara.

8.0 Matakan Gyara da Iyakarsu

Daga 2016 an fara ganin wata hanya. Nijeriya ta buɗe sansanin gyara halin tubabbu a Malam Sidi ta Jihar Gombe. A watan Disamba na 2016 Nijar ta yi shelar karɓar duk wanda ya ajiye makami, ta kafa cibiya a Gudumariya. A watan Maris na 2017 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri na 2349, na farko da ya keɓe wa yankin tafkin, inda ya haɗa batun tsaro da na haƙƙin ɗan Adam da na talauci. A 2018 gwamnonin jihohi da lardunan da abin ya shafa suka fara taronsu a Maiduguri, Hukumar Tafkin Chadi kuma ta amince da tsarin farfaɗo da yankin. A 2020 Chadi ta soke hukuncin kisa, kotun soja a Kamaru kuma ta ɗaure sojoji huɗu shekara 10 kowanne saboda harbe mata biyu da 'ya'yansu biyu a yankin Zelevet. Tun da farko gwamnatin Kamaru ta ce hoton bidiyon ƙarya ne, sai da binciken 'yan jarida ya tabbatar da wurin.

Shari'ar da aka fara a barikin Wawa kusa da Kainji a watan Oktoba na 2017 ta fito da girman matsalar fili. A zaman farko an ɗaure mutum 45, aka sallami 468, da yawansu bayan sun shafe shekaru a tsare ba tare da hujja ba. A watan Disamba na 2020 mai gabatar da ƙara ta Kotun Hukunta Manyan Laifuffuka ta Duniya, Fatou Bensouda, ta ce akwai dalilin yarda cewa Boko Haram da wasu jami'an tsaron Nijeriya duka sun aikata laifuffukan yaƙi. Bayan mutuwar Shekau a watan Mayu na 2021 dubban mayaƙa da iyalansu sun miƙa wuya, abin da ya tayar da wata tambaya mai nauyi: ina haƙƙin waɗanda aka kashe wa iyaye da 'ya'ya, alhali suna ganin ana sallamar tubabbu da jari? Su ma haƙƙinsu na ɗan Adam ne, kuma sulhun da ya manta da su ba zai daɗe ba.

Shi kansa haɗin kan soja ya yi rauni. Bayan juyin mulkin Yuli na 2023 dangantaka ta yi tsami tsakanin Nijar da Nijeriya, kuma a watan Maris na 2025 Nijar ta ba da sanarwar ficewa daga rundunar haɗin gwiwa.

9.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa a cikin shekaru 45, daga 'Yan Awaki zuwa ficewar Nijar, hanya ɗaya aka yi ta maimaitawa: a hukunta jama'a saboda laifin tsiraru, a kashe wanda ya kamata a gurfanar, sannan a yi mamakin dawowar fitina. Ƙasashen sun iya haɗa bataliyoyi cikin watanni, amma abin da ya fi wuya a gare su shi ne daidaita yadda ake tantance wanda aka kama, da yadda ake miƙa shi daga wannan ƙasa zuwa waccan tare da hujjar da kotu za ta karɓa, da kuma inda talakan da sojan wata ƙasa ya zalunta zai kai kukansa.

Saboda haka takardar na ba da shawarwari uku. Na ɗaya, a samar da rajista guda ta duk wanda aka tsare a yankin, wadda alƙalai da iyalai za su iya dubawa. Na biyu, a ba hukumomin kare haƙƙin ɗan Adam na ƙasashen huɗu damar yin bincike tare, su kuma bayyana sakamakonsa ga jama'a cikin harsunan da suke ji, kamar Hausa da Barbarci da Fulatanci da Larabcin Shuwa. Na uku, duk matakin tsaro da zai taɓa sana'ar jama'a a sa masa wa'adi, a kuma tanadi abin da mutane za su ci kafin a ɗage shi.

Aikin da ya rage ga masana tarihi shi ne tattara bayanan baka daga masunta da manoma da matan da suka ga waɗannan shekaru da idonsu a Baga da Bosso da Kolofata da Bol, tun suna raye. Rahotannin gwamnatoci da na ƙungiyoyin waje sun ba mu alƙaluma, amma mutanen bakin tafki ne za su iya gaya mana lokacin da suka daina kai rahoto ga hukuma, da dalilin da ya sa, da kuma abin da zai sa su koma.